Shayin da Baba Gaji Ya Ba Ƙasa

Talata, 9 ga Janairu 2024

Yau da safe na ga Baba Gaji ya zubar da shayina.

Na haɗa masa kamar kullum, a kofinsa na silba da ba na ba kowa. Ya karɓa, ya ce "Madalla, tadani," yadda yake kirana ɗansa da Barbarci. Ya kai baki, ya jiƙa leɓe kawai. Sai ya tashi kamar zai duba buhunan tattasai da ake saukewa daga kamiyo, babbar motar da ta zo daga Gagamari. Ya zagaya bayan taya, ya tsuguna, ya karkata kofin a hankali don kada a ji zubarsa. Ni kuwa na sunkuya ne ina ɗebo gawayi a ƙarƙashin tebur, ta ƙasan motar na hango ƙafafunsa, da shayin yana bin rairayi. Ya sa takalmi ya ja ƙasa ya rufe wurin. Ya dawo ya ajiye kofi yana goge baki.

Goge bakin nan shi ya fi ci mini rai.

Shekara shida ke nan da ya ba ni wurin nan a bakin kasuwar tattasai. Shi ne sarkin ƴan dako. Inda ya zauna nan suke zama, abin da ya sha shi suke sha. Ran da ya bar bencina sun bar shi, ni kuma sai in ɗauki teburina a ka in koma sansanin gudun hijira na Assaga.

Na san inda abin yake. Tun da aka rufe iyaka, shayi mai zare da nake sayowa, mai hoton giwa, wanda ke zuwa ta Maiduguri, ya ɓace daga gari. Wata uku ina fama da wani mai hoton fure. Lami ne, ni ma na sani. Ina rufe masa asiri da madara da sukari. Kowa cokali uku, Baba biyar, don babba ne. Kwanan nan har shida nake zuba masa. Ashe duk da haka bai rufu ba.

Laraba, 10 ga Janairu

Ya sake. Wannan karon a gindin bishiyar bedi.

Alhamis, 11 ga Janairu

Na je butik ɗin Alhaji Lurwanu, Badamagaren da nake sayen kaya a wurinsa. Na ce masa mai furen nan ba shayi ba ne. Bai ma ɗago kai ba, yana ɗaure wa wata sabulu.

"Shayi shayi ne, Hafizu. Ruwa ne da kala."

Ruwa da kala. Mutumin da a gidansa ataya, koren shayin buta, ake dafa masa sau uku a wuni, bai taɓa saka zaren nan a kofi ba. Na ce ya sauko mini da duk irin da yake da shi. Ya sauko da huɗu: mai fure, mai jirgin ruwa, mai dutse, da wani kore da ya ce na masu son rage tumbi ne. Na ce ƴan dako ba su da tumbin ragewa. Na ɗauki uku.

Da zan fita yana ce wa na kusa da shi, "Yaran Abadam ɗin nan, sun zo da tabarma ɗaya, yanzu su ke koya mana shayi."

Na ji. Ban juya ba.

Asabar, 13 ga Janairu

Bayan la'asar, da kasuwa ta lafa, na yi abin da ya kamata in yi tun wata uku. Na sa reza na farke ƙulli ɗaya daga kowane kwali, na zazzage a faranti, kowanne gefensa.

Amarya, mai tuyar fanke da ƙosai a kusa da ni (jikokinta bakwai, amma sunan bai sake ta ba), ta leƙo ta ce, "An buɗe likita ne? Yau wa za a yi wa aiki?"

Na ce ta ji da kaskonta.

Abin da na gani:

Mai fure gari ne zalla, kamar abin da ake sharowa a ƙasan buhu. Na hura kaɗan ya tashi. Launinsa ma ba baƙi ba, toka-toka. Ana zuba ruwa yake sakin kala nan take, shi ya sa yake ruɗin ido. Amma a baki babu kowa a gida.

Mai dutse akwai ƴan karare a ciki, ja-ja, kamar an daka tsintsiya. Yana jinkirin sakin kala, kuma in ya saki bai wuce ruwan wankin jar tukunya ba.

Mai jirgi ya fi su. Ƙwayoyi ne ƙanana baƙaƙe, ƙullin ma ya fi nauyi a tafin hannu. Na zuba a finjalin gilas na sa cokali, ina ganin cokalin dishi-dishi. Mai giwa kuwa in ka sa cokali ɓacewa yake yi. Ma'aunina ke nan tun da can, ban dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Gobe mai jirgi.

Lahadi, 14 ga Janairu

Na yi wauta. Na ce tunda ƙarfi ake nema, bari in yi masa yadda muke yi wa ataya. Na jefa ƙulli goma a buta na bar su suna tafasa kan gawayi har aka yanka burodi aka soya ƙwai. Ya fito baƙi wuluk, na ji daɗi.

Jibirin, ɗan dakon nan mai bakin da ba ya rufuwa, shi ya fara kurɓa. Ya yamutsa fuska ya ce, "Hafizu, wa ya ce maka shawara nake yi? Wannan ai jiƙon maɗaci ne." Aka yi ta dariya. Bauri ya kama mini harshe har azahar.

Wato baƙi daban, ƙarfi daban. Shayi mai zare ba ya son dafuwa, jiƙo yake so.

Na Baba na ƙara masa madara da sukari don kashe baurin. Ban bi shi da ido ba yau. Ba na so in gani.

Talata, 16 ga Janairu

Ranar kasuwa. Kamiyo biyar, tattasai har kan hanya, kowa na atishawa. Na haɗa mai jirgi yadda ya dace. Mutum biyu suka ce suna jin ƙamshin sabulu. Na shinshina kwalin, gaskiyarsu. Alhaji a kan katan ɗin sabulu yake jera shayi, ni da idona na gani ran Alhamis, ban kawo komai a raina ba. Shayi kuwa duk abin da ya kwana kusa da shi sai ya sha warinsa.

Baba ya zubar. Bayan sikelin Ilyasu mai awo.

Abin da na kasa ganewa, me ya sa ba zai faɗa mini ba? Mutumin da ya riƙe wuyan rigata muka haye kogin Komadugu shekarar da aka ƙone garinmu Abadam, ruwa har ƙirjina, ina shekara goma sha biyar, ban san inda uwata take ba. A Assaga a gwangwanin tumatir ya ba ni shayin farko, ya ce sha, kuka ba ya ɗumama ciki. Ya mare ni sau biyu a rayuwata, duka biyun na cancanci maren. Yau shi ne zai riƙa lallaɓawa bayan mota kamar wanda ya ci bashin kunya? Ai sai ya ce, Hafizu, shayinka ya lalace. Shi ke nan. Zagin ma na yarda.

A'a. Sai madalla, sai goge baki.

Juma'a, 19 ga Janairu

Kwana uku ina gwaji, har Amarya ta ce in na haukace ita za ta gaji teburin.

Abin da na gano, in rubuta kada in manta. Ruwan da ya kwana a fulas kashe shayi yake yi, ko wane iri ne. Sai ruwan da ke tsalle a buta a lokacin. A ɗauraye kofi da ruwan zafi tukuna, don silba da sanyin safiya tana shanye zafin. A rufe bakin kofi da faranti. Na duba a waya, minti huɗu. Kada a matse ƙullin da cokali, nan baurin yake ɓoye, ni kuwa shekara shida ina matsewa har ina nannaɗe zaren a cokali, ina ganin gwaninta ce. Madara daga baya, ba da farko ba.

Da wannan duka mai jirgi ya zama shayi, in ka samu kwalin da bai yi maƙwabtaka da sabulu ba. Na sa Alhaji ya buɗe sabon katan a gabana. Ya ce ko surukinsa bai taɓa wahalar da shi haka ba.

Amma har yanzu ina ganin cokali.

Litinin, 22 ga Janairu

Abbakar, direban da ke zuwa daga Gigmi, ya ji ina mita ya ce akwai wani da suke sha a hanya, ta Cadi yake shigowa. Ya ɗauko mini kwali ɗaya daga motarsa. Ba hoto, rubutun Larabci ne kawai a jiki, kowane ƙulli a cikin takardarsa.

Na farke. Ƙwayoyi dunƙule-dunƙule kamar tsakin gero, baƙi mai ɗan ja. Ƙamshin ya bugo ni tun kafin ruwa. Minti huɗu, na sa cokali.

Ya ɓace.

Na zuba madara, bai koma fari-fari kamar mai fure ba, ya yi launin kogi a Bagara in ruwa ya sauko sabo. Na kurɓa, ya zauna a harshe, ya bi maƙogwaro, ba bauri. Ya fi mai giwa, in faɗi gaskiya. Abbakar ya ce duk sati zai iya kawo mini.

Amarya ta sha ba ta tsokane ni ba, wanda a wurinta yabo ne. Gobe zan ga abin da tsohon nan zai ce.

Talata, 23 ga Janairu

Ban san ta inda zan fara ba.

Benci ya cika tun da duku-duku. Kowa ya sha sai ya kalli kofin. Jibirin ya ce, "Yau kam an yi shayi, buhu biyu zan ɗauka a tare." Ilyasu ya nemi ƙari, mutumin da ko ruwa auna shi yake yi.

Na Baba na yi shi a ƙarshe, da natsuwa. Na ɗauraye kofi, na rufe, na tsaya kan minti huɗu, madarar gwangwani mai kauri, sukari shida. Na miƙa da hannu biyu. Na tsaya ina kallonsa, ban ɓoye ba.

Ya shinshina. Na ga hancinsa ya buɗe, wallahi na gani. Ya riƙe kofin ya daɗe, ya fi kullum daɗewa. Sai ya tashi ya nufi bayan kamiyo.

Da ya dawo ya ajiye kofin, kafin ya kai hannu baki na ji muryata tana cewa, "Baba, gobe in ƙasa za ka ba, ka faɗa mini tun da wuri in rage mata madara. Sati biyu ke nan tana sha, ban ji ta yi godiya ba."

A gaban mutanensa. Su wajen goma sha biyar.

Ba wanda ya yi dariya, har Jibirin. Man Amarya kawai ake ji yana ƙara a kasko. Baba ya dube ni, ba da fushi ba, da ma da fushi ne. Ya ce, "To, tadani." Ya gyara hula ya tafi wajen sikeli.

Gaskiya na faɗa. Sati biyu na yi haƙuri.

Laraba, 24 ga Janairu

Bai zo ba.

Juma'a, 26 ga Janairu

Yana zama a kan buhu kusa da sikelin Ilyasu, da butar ruwa a gabansa. Bai hana kowa zuwa wurina ba, na tambaya. Amma ran Laraba mutum tara suka zauna, jiya biyar, yau uku, su ma a tsaye suka sha suna waige. Burodi ya bushe mini a leda.

Ga shayi mafi kyau a Diffa a hannuna, ba mai sha.

Amarya ta ce, "Ka samo shayi mai ƙarfi, amma bakinka ya fi shi." Na ce ita ma ai ta ga abin da yake yi mini. Ta juya ƙosanta ta ce, "Kai mai ido ne, kowa ya sani. Ƙwayar shayi ma kana ganinta. Mutum ne dai ba ka gani."

Ban gane ba, ban kuma tambaye ta ba, don kada ta ji daɗi.

Lahadi, 28 ga Janairu

Ba ni zan ba da haƙuri ba. Shi ya zubar.

Talata, 30 ga Janairu

Tunda ba aiki, kallo na yi ta yi. Daga teburina ana ganin sikeli sarai.

Kafin azahar Baba ya cika butar nan sau biyar, da sanyin nan. Sau shida ya zagaya bayan katanga. Da ya miƙe na ga ya ƙara ɗaure mazagin wandonsa, rigar ma ta yi masa yawa a kafaɗa, rigar da a da take kama shi. Babban yatsan ƙafarsa na dama a naɗe da tsumma. Tsumman nan tun kafin sabuwar shekara nake ganinsa, na ɗauka buhu ne ya faɗo masa. Wane rauni ne ke wata guda bai rufe ba?

Wani manomi daga Gagamari ya miƙa masa dabino cike da hannu. Ya karɓa, ya yi godiya, ya sa a aljihu. Da mutumin ya juya sai ya zuba wa Jibirin a hula.

Na juya na tambayi Amarya yaushe rabon Baba da fankenta. Ta ce tun bayan Mauludi, ƙosai kawai yake saye. Ta faɗa tana kallona kamar mai jiran tukunya ta tafasa.

Na kalli gwangwanin sukarina. Na daɗe ina kallonsa.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Bayan la'asar na je gidansa. Ba ya nan, ko kuma yana ɗaki, ban sani ba. Matarsa Ya Kaltumi tana tsince tattasai a tabarma. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ba ta ce in zauna ba.

Na ce, "Ya Kaltumi, ciwon sukari ne?"

Ta ce, "Sai yau?"

Wata huɗu ke nan da aka auna shi a likita, in ji ta. An ce ya bar zaƙi gaba ɗaya, in ba haka ba ƙafar ce za ta fara tafiya. A gida ataya ma ba sukari take dafa masa, yana sha yana zaginta.

Na ce to me ya hana shi faɗa mini? Kalma ɗaya. In daina zubawa, shi ke nan.

Ta ajiye tattasan ta ce, "A gaban wa zai faɗa? Mutum talatin ke ɗaukar kaya da izininsa. Ran da suka ji sarkinsu na da ciwon da ba ya warkewa, ranar za a fara neman wani. Kuma kai ka taɓa ganin ya mayar da abin da ɗa ya miƙo masa da hannu biyu? Kai kana ƙara cokali don ka girmama shi, shi yana karɓa don kada ya kunyata ka. Ku biyun kun ishe ni."

Ta ce da farko sha yake yi. Kusan wata uku yana shanye kofina kullum, ya dawo gida yana jiri, sai da ta rantse za ta zo kasuwa da kanta ta kife teburin, sannan ya koma zubarwa.

Wata uku. Biyar, biyar, sannan shida.

Na fito ban yi sallama da kyau ba. Har yanzu raina a ɓace yake, ban dai san da wa ba. Da shi mana. Mutum ya zauna yana shan abin da zai yanke masa ƙafa don kunyar yaron da ya goya. Wannan wace irin kunya ce? Kuma Amarya ta sani, ta bar ni ina farke ƙulli da reza.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Na sake gwajin daga farko, ba sukari. Ashe duk abin da na sani a kan shayi da sukari a bakina na san shi.

Mai fure ba sukari, ruwan zafi ne da aka yi wa ƙarya. Mai jirgi yana kartar harshe. Mai rubutun Larabci ne kawai ya tsaya da ƙafarsa, shi ma a minti huɗu yana ɗan cizo. Na rage zuwa uku da rabi, ya yi daidai. Na jefa ƙwayar kanumfari ɗaya da ɗan citta, sai ya zama kamar da zaƙi can nesa, alhali babu.

Madarar gwangwanin da nake zubawa ita ma rabinta sukari ce, sai yau na lura da yadda take danƙo a yatsa. Na koma wurin Alhaji na nemi wadda ba zaƙi. Ya ce, "Yanzu kuma madarar ce ta yi laifi?" Na ce eh.

Saura abu ɗaya. In na ba shi shayi ba sukari a gaban mutanensa, na tona abin da yake rufewa. Ƴan dako sun san cokalin Baba biyar ne, har tsokanata suke yi da shi. To gwangwanin sukarina mai zurfi ne, kofinsa kuma silba, ba a ganin ciki. In na sa murfin a tsakani, cokali zai shiga ya fito wayam. Na gwada ya fi sau talatin. Wahalar a wajen motsawa take, don sukari yana da ƙarar kansa a gindin kofi, ƙus-ƙus, kofin da babu shi kuwa ƙara yake yi fayau. Sai na koyi motsawa a sama-sama, cokali bai taɓa gindi ba.

Ba don in ba shi haƙuri nake yi ba. Teburina nake ceto.

Litinin, 5 ga Fabrairu

Na haɗa, na rufe da faranti, na ratsa kasuwa da shi har sikeli. Mutanensa suna zagaye da shi. Na durƙusa na miƙa da hannu biyu, tunda an ce ba ya mayarwa.

Ya dubi kofin, ya dube ni. Na ce a hankali, "Baba, leɓe kawai."

Ya jiƙa leɓe. Ya tsaya. Ya sake kurɓa, wannan karon na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na taso don ruwana na kan wuta.

Can da hantsi Jibirin ya kawo kofin, wayam. Da suka tafi lodi na zagaya bayan sikeli na duba ƙasa, da gindin bedi, da bayan katanga. A bushe.

Talata, 6 ga Fabrairu

Na iso na tarar da shi a benci, a wurinsa, yana faɗa da wani direba a kan buhun da ya yage. Kafin ruwa ya tafasa benci ya cika, wasu a kan buhu.

Bai yi maganar ran nan ba. Ni ma ban yi ba, kuma ba zan yi ba, don har yanzu ina ganin da ya faɗa mini tun farko da duk wannan bai faru ba. Wata rana zan gaya masa. Ba yau ba.

Na ɗauraye kofi, na rufe, uku da rabi. Na jawo gwangwanin sukari, na sa murfi a tsakani. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Na motsa sama-sama, na miƙa.

Ya sha a zaune, a gabana, har ƙasan kofi. Ya ce, "Cittar ta yi yawa, tadani." Na ce gobe zan rage.

Na ɗauka aikin ya fita tsaf. Sai Jibirin, wanda tun cokali na farko idonsa ke kan hannuna, ya ɗaga murya ya ce, "Kullum Baba biyar, mu talakawa uku. Allah dai ya ba mu girma." Ya faɗa bai ko yi murmushi ba, sauran suka ce amin, kowa ya sunkuya kan kofinsa.

Wato ba ni kaɗai na san cokalin wayam yake ba. Amarya ta gani, tana tsaye da matsami a hannu har ƙosai ɗaya ya ƙone. Ilyasu mai awo ya gani, ya kau da kai ya shiga gyaran hularsa. Da Jibirin, wanda ya rufa wa Baba asiri da bakin nan nasa.